BAYANI: Me ya sa manhajojin taurari ke saɓani kan ranar da aka haifi kakanninmu?

A gidajen malamai da na tsofaffin alƙalai a ƙasar Kankiya da Kusada, kamar yadda yake a sauran garuruwan Katsina, akan ci karo da wani ɗan gajeren rubutu a gefen shafin littafi, ko a kan wata warƙa da aka cusa cikin gafaka. Layi ɗaya ne ko biyu: an haifi wane a daren kaza, kaza ga wata kaza, shekara kaza ta Hijira. Wanda ya yi rubutun ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, wanda aka haifa ɗin ma haka. Takardar ta yi ta kwanciya har ta faɗa hannun jikan da ke riƙe da wayar zamani. Shi kuwa abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya san ranar da ta yi daidai da wannan a kalandar Miladiyya, in kuma mai son bin diddigi ne, ya ga yadda sama take a wannan dare.

A nan rigimar ke farawa. Manhaja ta farko ta ce Alhamis, ta biyu ta ce Juma'a. Wannan ta ajiye rana a burujin Sauru, waccan ta ce a Hamalu take. Kowace kuma za ta kawo amsarta da digiri da minti har da daƙiƙa, cikin irin tabbacin da ba ya barin ƙofar tambaya. Jikan sai ya zaɓi wadda ta fi kwanta masa a rai ya wallafa a Facebook. Daga can ranar ta shiga littafin tarihin zuri'a, ta shiga kundin digirin wani ɗalibi, bayan shekara biyar babu mai tuna cewa zaɓe aka yi tsakanin amsoshi uku. Akwai kuma waɗanda abin ya wuce tarihi a wurinsu, masu kai irin wannan lissafi har cikin maganar aure, a ce tauraron wance bai haɗu da na wane ba.

Saɓanin nan ba a sama yake ba. Yana cikin abubuwan da manhaja ke yanke wa mutum ba tare da ta tambaye shi ba, kuma mafi yawansu takardar kakan ce ke iya warware su, in an karanta ta yadda mai ita ya nufa.

Iyakar da malamai suka shata

Malaman Musulunci sun daɗe da raba ilmin taurari gida biyu. Akwai lissafin tafiyar rana da wata da taurari, wanda da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla da shigowar damina, wannan babu mai jayayya da halaccinsa. Akwai kuma da'awar cewa matsayin taurari na hukunta rabon mutum ko yana bayyana gaibu, wadda jumhurun malamai suka haramta. Kimiyyar zamani ma ba ta samu wata hujja da ke goyon bayan wannan da'awa ba. Wannan bayani ya tsaya ne a kashi na farko: ina rana da wata suke a lokacin da aka haifi mutum, tambayar da ke da amsa ta lissafi.

Ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Katsina. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya tafi aikin Hajji ya zarce Masar, ya yi suna a Alƙahira a fagen hisabi da hatimai da taurari, ya bar littafin al-Durr al-Manzum, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Manoman da ke ƙirga taurarin damina, Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan, daga wannan rijiya suke sha ko da ba su san sunan littafi ko ɗaya ba.

Inda manhajojin suka yi ittifaƙi

Mafi yawan manhajojin da ake ji da su daga tushe guda suke ɗebo matsayin taurari. Da yawansu na aiki da Swiss Ephemeris na kamfanin Astrodienst da ke Suwizalan, shi kuma an gina shi a kan jadawalin hukumar NASA ta Amurka. In aka ba biyu daga cikinsu daƙiƙa guda da wuri guda, tazarar da za a gani a tsakaninsu ba ta kai abin da ido zai rarrabe ba. Ko gyaran da ake yi saboda jinkirin juyawar duniya, a tsakiyar ƙarni na 18 bai kai daƙiƙa ashirin ba.

Mai shakka yana da hanyar gwaji a hannunsa. Ya buɗe Stellarium, wadda kyauta ce, ko manhajar da yake tuhuma, ya sa Katsina, ya koma hantsin Laraba 29 ga Maris, 2006. Idan bai ga wata ya hau kan rana ba, kamar yadda mutanen Zamfara da Katsina da Maraɗi suka gani da idonsu a ranar husufin, to manhajar ce ba ta da lafiya, a jefar da ita. Idan ya gani, laifin yana wani wuri.

Wace rana ce?

Kalandar Hijira da ke cikin kwamfuta ba ganin wata take bi ba. Jadawali ne: wata ɗaya kwana 30, na biye kwana 29, sannan a ƙara kwana guda a shekaru 11 cikin kowace 30. Masu jadawalin kuma ba su haɗu a kan mafari ba. Wasu na fara ƙirga daga Juma'a 16 ga Yuli, 622, wasu daga Alhamis 15 ga Yuli. Tsarin da Microsoft ya daɗe yana amfani da shi, wanda ake kira lissafin Kuwait, na biyun yake bi. Ga kuma Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda jadawalinta a manhajoji da yawa ba ya komawa baya fiye da farkon ƙarni na 20, sai manhajar ta koma wani tsarin ba tare da ta faɗa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya san abin da mutanen Kusada suka gani a yammacin 29 ga wata, ko hazo ya bar su sun gani, ko labarin ganin watan ya iso daga Katsina a kan doki kafin gari ya waye.

Haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kyakkyawan ma'auni ce, don tana cikin 'yan kaɗan da aka kiyaye ranarsu. Masana tarihin Daular Sakkwato sun kawo cewa an haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, ranar Lahadi, ƙarshen Safar na 1168, suka daidaita ta da 15 ga Disamba, 1754. Wanda ya sa 29 ga Safar, 1168 a manhajar da ke farawa daga Juma'a, 15 ga Disamba zai samu. Wanda ya sa a mai farawa daga Alhamis, 14 ga Disamba za ta ba shi. Kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a sama, don wata na cin kimanin digiri 13 a kowace rana. Da tsakar ranar 14 ga wata yana bakin iyakar Ƙausu da Jadyu, da tsakar ranar 15 kuwa ya kusa tsakiyar Jadyu.

Abin da ya raba gardamar kalma ɗaya ce a cikin riwayar, wato Lahadi. Ranar 14 ga Disamba, 1754 Asabar ce, 15 ga wata ita ce Lahadi. Ana iya saɓawa a kan ganin wata, gari da gari, amma ba a taɓa saɓawa a kan ranar Juma'a ba, domin mako ba ya tsallake. Saboda haka duk inda takarda ta ambaci ranar mako tare da kwanan wata, ranar makon ce alƙali. A nemi Lahadin da ta fi kusa da abin da jadawali ya bayar, ko da za a matsa kwana ɗaya ko biyu. Malaman da suka riƙa haɗa biyun a rubutunsu sun yi wa na baya gata babba.

Wannan alƙalin ne kuma ke kama kuskure na gaba. Kalandar Miladiyya kanta iri biyu ce, tsohuwa ta Juliyas da gyararriya ta Paparoma Girigori, wadda aka fara a 1582, amma Birtaniya ba ta karɓe ta ba sai a Satumban 1752, shekara biyu kacal kafin haihuwar Shehu. Wasu manhajojin na da ɗan akwatin da ake zaɓar ɗaya daga ciki. Wanda ya ɗauki 15 ga Disamba a matsayin tsohuwar kalanda ya tura kansa gaba da kwana 11, zuwa 26 ga wata, rana ta fice daga Ƙausu ta shiga Jadyu. Ranar kuwa Alhamis ce, ba Lahadi ba.

Kada a ɗauka tsohuwar kalandar matsalar Turawa ce kawai. Watannin da littattafan falaki na Magrib suka kawo ƙasar Hausa, waɗanda malamai ke kira watannin ajam, irin su Yunayar da Agushta da Dujambar, a kan lissafin Juliyas suke. Idan takardar kaka ta ce kaza ga Mayu a irin wannan lissafi, sai an ƙara kwana 12 in a ƙarni na 19 ne, kwana 13 in a na 20 ne, kafin a kai ga Mayun da ke cikin waya.

Daren Juma'a

Bari mu ƙaddara wata takarda daga Kankiya, misali ne kawai, da ta ce an haifi yaro a daren Juma'a, 9 ga Rajab, 1334. Zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ke nan, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Jadawalin da ke farawa daga Juma'a zai ce 12 ga Mayu, 1916, kuma lallai ranar Juma'a ce. Jikan zai yi murna, ya rubuta 12 ga Mayu, ƙarfe tara na dare, ya danna.

Ya yi kuskuren sa'a 24 cif. Duk Bahaushe ya san cewa daren Juma'a shi ne wanda ke shiga da magaribar Alhamis, daren da ake raya shi da salati da karatu. A lissafin Musulunci dare ke gaba da yini. Manhajar kuwa ranarta da ƙarfe 12 na dare take juyawa, kuma ba ta san wani abu wai shi magariba ba. In bayan lisha aka yi haihuwar, abin da za a rubuta mata shi ne Alhamis 11 ga Mayu. In gab da asuba ne, sai a rubuta Juma'a 12 ga Mayu da sassafe. Abin dariyar shi ne, manhajar da ke farawa daga Alhamis za ta ba da 11 ga Mayu tun farko, ta faɗa daidai bisa kuskure, irin na makahon da ya taka kuɗi. Wanda ya san ƙa'idar dare amma bai san tsarin manhajarsa ba, sai ya sake rage kwana guda ya koma Laraba, ya ɓata gyaran da bai san an yi masa ba.

Shekarar ma tana da nata tarko, in da haruffa aka rubuta ta, wato ramzi, kamar yadda marubuta waƙoƙin ajami suka saba rufe waƙoƙinsu. Ƙimar haruffa a Magrib, wadda ita malamanmu suka gada, ta bambanta da ta Gabas a haruffa shida. Shinun a wurinmu 1000 ne, a Gabas 300. Sadi a wurinmu 60, a can 90. In aka rubuta 1168 da shinun da ƙaf da sadi da ha bisa tsarin Magrib, aka miƙa wa manhajar hisabin da aka rubuta a Masar ko Pakistan, 498 za ta ce. Irin wannan kuskure yana da saukin kamawa saboda girmansa. Ƙananan su ne ke wucewa.

Agogon wa?

A nan ne manhajojin suka fi yi wa mutanen Arewa ɓarna, kuma a nan ne aka fi rashin lura. Abin da masu wannan fanni ke kira ɗali'i, wato digirin burujin da ke hudowa daga gabas a lokacin haihuwa, yana gusawa da kimanin digiri ɗaya a kowane minti huɗu. Don haka dole manhaja ta mayar da lokacin da aka ba ta zuwa agogon GMT, kuma dole ta san tazarar da ke tsakani.

Kankiya tana kusan digiri 7 da minti 49 gabas da layin GMT. Kowane digiri minti huɗu ne na agogo, ke nan rana na riga isa tsakar sama a Kankiya da kimanin minti 31. Legas kuwa minti 13 da rabi ne nata. Kundin lokutan duniya da galibin wayoyi da kwamfutoci ke dogara da shi bai san Kankiya ba, bai san Katsina ko Kano ba. Najeriya gaba ɗaya suna guda take da shi a ciki, Legas, har Yamai ma an jingina ta da Legas ɗin. Masu kula da kundin sun faɗa da bakinsu cewa daga 1970 zuwa yau suka fi ba da ƙarfi, abin da ya gabaci haka ba su ɗauki alkawarin cikarsa ba.

Kafin ƙarshen 2020, kundin cewa yake yi lokacin Legas na minti 13 da 'yan kai ne ya yi aiki har zuwa Satumban 1919. A Disamban 2020 aka gyara shi bisa tsofaffin takardun gwamnatin mulkin mallaka. Sabon tsarin ya nuna an bi GMT daga 1905 zuwa 1908, aka koma lokacin Legas, sannan daga 1 ga Janairu, 1914, ranar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka sa ƙasar a kan rabin sa'a gaba da GMT. Sai a 1 ga Satumba, 1919 aka koma sa'a guda cur, wanda shi ne agogon Najeriya da muka sani har yau.

A koma ga yaron Rajab na 1916. Manhajar da ke ɗauke da tsohon kundi za ta auna shi da ranar Legas, ta kauce da minti 18, kimanin digiri huɗu da rabi. Wadda ta ɗauka agogon yau ne ya kasance tun fil azal za ta kauce da minti 29 ta ɗaya gefen, digiri bakwai. Mai sabon kundi kuwa za ta kusa dacewa, ba don ta san Kankiya ba, sai don rabin sa'ar nan ta 1914 an ɗora ta ne a kan layin digiri 7 da rabi, wanda ya ratsa dab da yammacin garin. Shekara biyar da wata takwas ke nan da agogon gwamnati ya taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa da ranar tsakiyar ƙasar Katsina, kuma da wuya a ce wani a Kankiya ya san ana yi. Gyaran a nan mai sauƙi ne: ga duk haihuwar da ta gabaci yaɗuwar agogo, a kashe zaɓin ƙasa, a sa wurin garin da hannu, a umarci manhajar ta bi lokacin rana na wurin. Tsakanin Kankiya da Kusada bambancin bai kai minti ɗaya ba, ba abin damuwa ba ne.

Sai dai duk wannan gyaran minti ne a kan sa'ar da babu ita. Kakanninmu da asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar suke auna yini, takardar kuma dare kawai ta ce. Ƙarfe taran da jikan ya rubuta daga kansa ya fito. A kowane dare, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, rabin da'irar buruji ne ke hudowa, wato buruji shida. Wanda aka ce an haife shi da dare, ɗali'insa na iya zama ko wanne daga cikinsu. Manhajoji da yawa, in ba a ba su sa'a ba, sai su sa ƙarfe 12 na rana su ci gaba da aiki, su fitar da zane mai kyan gani da lambobi har bayan ɗigo. A ganina wannan ya fi duk sauran kurakuran muni, domin sauran saɓani ne da ke sa mutum ya tsaya ya yi tambaya, wannan kuwa manhajoji goma na iya haɗuwa a kansa baki ɗaya, duk a kan abin da babu wanda ya taɓa rubutawa.

Haka abin yake ga waɗanda shekararsu kaɗai aka riƙe. Alhaji Mamman Shata, da aka haifa a Musawa, ba nisa da Kankiya, 1923 ake bayarwa a matsayin shekarar haihuwarsa. Mafi yawan tsararsa ma da aukuwa ake tuna tasu, a ce shekarar marisuwa, ko bayan yunwar kaza da damina biyu. Dokar tilasta rajistar haihuwa a faɗin ƙasa da ake aiki da ita yanzu ta 1992 ce. Wannan ne ya sa 1 ga Janairu ta cika takardun shaidar shekaru a Arewa, kuma duk zanen saman da aka gina a kan irin wannan rana, zanen ranar da magatakarda ya zaɓa ne.

Sauru ko Hamalu?

Akwai saɓanin da ba kuskure ba ne, bambancin mazhaba ne. Manhajojin Turai da Amurka na fara ƙirga buruji daga inda rana take a ranar da dare da yini ke daidaita a watan Maris. Na Indiya kuwa da taurarin kansu suke ɗaure burujin. Kusan ƙarni 17 da suka wuce ma'aunan biyu a wuri guda suke, amma saboda wani layi da duniya ke yi a hankali kamar katantanwar yara, suna rabuwa da digiri ɗaya a kowace shekara 72. Yau tazarar ta kai kimanin digiri 24 bisa ma'aunin Lahiri, wanda gwamnatin Indiya ta amince da shi a shekarun 1950. A 1916 ta ɗan haura 22 da rabi.

Yaron Kankiya, ranarsa na kusan digiri 21 na Sauru a manhajar Turai. A cire 22 da rabi, sai ta koma digiri 28 na Hamalu a ta Indiya. Rana ba ta motsa ba, sandar awon ce aka canja. A ranar haihuwar Shehu kuwa, da tazarar take wajen digiri 20 da rabi, duka biyun a Ƙausu suke ajiye rana, ɗaya a kusa da ƙarshensa, ɗaya a farkonsa, sai mai gwaji ya zaci manhajojin sun yarda da juna alhali ba su yarda ba. Wanda ke son kwatanta biyu, ya dubi lambar digirin, ya tabbata ma'auni guda suke kai, kada ya tsaya ga sunan buruji.

Rabon sama gida 12 ma haka yake. Manhajojin Yamma galibi da tsarin Placidus suke buɗewa, wani malamin coci na Italiya a ƙarni na 17. Littattafan Larabawa sun fi sanin wanda ake jingina wa al-Ƙabisi, masanin ƙarni na 10 da ya zauna a Halab. Indiyawa da yawa buruji guda suke ɗauka gida guda. Mu da muke digiri 12 da rabi kacal arewa da tsakiyar duniya, tazarar da ke tsakanin waɗannan tsare-tsare ba ta kai yadda take a Turai ba, amma ta isa ta fitar da tauraro daga wannan gida ta kai shi wancan. Masaukan wata ma, Indiyawa 27 suka fi ƙirgawa, malamanmu 28.

Saura abu guda da ke rikita mutane fiye da kima. Mutum zai ce malamin unguwarsu ya gaya wa kakansa cewa burujinsa Asadu ne, ga shi babu manhajar da ta kawo Asadu. Ba za ta kawo ba, domin ba daga ranar haihuwa aka ciro shi ba. Hanyar da ta yaɗu a ƙasar Hausa, wadda ke cikin ɗan littafin nan da ake jingina wa Abu Ma'ashar ana sayarwa a kasuwanni, ita ce a haɗa ƙimar haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa, a riƙa zubar da sha biyu-sha biyu, abin da ya rage shi ne burujin. Rana da wata ba su shigo cikin lissafin ba sam. Ko a cikin wannan hanyar ma amsar na bin tsarin haruffan da aka ɗauka. Mai suna Musa burujinsa ba ya canjawa, don tazarar sinun tsakanin Magrib da Gabas 240 ce, sha biyu kuwa ta raba ta ba saura. Amma in sunan mahaifiyarsa A'isha, tazarar shinun 700 ce, saura huɗu, sai burujin ya yi tsalle gida huɗu daga wannan littafi zuwa wancan. A kan irin wannan lissafi ne ake cewa taurarin mutum biyu ba su haɗu ba.

Da za a rubuta sakamakon takardar Kankiya yadda masu tarihi za su karɓa, ga abin da zai fito: daren Juma'a 9 ga Rajab, 1334, daidai da daren Alhamis 11 wayewar Juma'a 12 ga Mayu, 1916, an tabbatar da ranar mako. Rana a wajen digiri 21 na Sauru bisa ma'aunin Yamma, 28 na Hamalu bisa na Lahiri. Wata ya ɗan wuce rabi, matsayinsa na iya gusawa da digiri shida tsakanin magariba da asuba. Gurbin ɗali'i da na gidaje a bar su fayau, a haɗa da hoton warƙar kanta, gaba da baya, yadda wanda zai zo daga baya zai karanta tawadar da idonsa.